Ƙarfin aro: rayuwata da goro, kofi da baƙin shokola

Ni ƴar Birni ce, a nan Damagaram, kuma a gidan goro na tashi. Kakata ta wajen uwa ta yi sana'ar goro tun tana da jajayen sawu har ƙarfinta ya ƙare. Ɗakinta ya fi ko'ina sanyi a gidan, don kullum ana yayyafa wa huhuna ruwa, ga ƙanshin ɗanyen ganyen da aka naɗe goron da shi. Kafin a sa ni lakwal na iya ware marsa daga minu, na iya ƙirga ƙwarya ba kuskure, na san daushe da ido. Ba a ba yara goro a gidanmu, amma wanda ya fashe ko ƙwaro ya taɓa gefensa namu ne, mu masu taya tsinta. Don haka ban taɓa ɗaukar goro a matsayin abin da ake ƙidaya yawan cinsa ba. Baƙo ya zo, goro. An gama cin tuwo, goro. Barci na neman kama mutum yana da sauran aiki, goro.

Na yi karatu, na fito makarantar horon malamai, aka ba ni aji a wata firamare. Na yi aure, na haihu. Ba yabon kai ba, a lokacin ni mace ce mai ƙarfi. Duk wanda ya zauna garin nan ya san wahalar ruwanmu: famfo ya ƙi zuwa sai tsakar dare, ka tashi ka jera jarkoki ka zauna kana gyangyaɗi a bakinsa. Ina yin haka, in yi sallar asuba, in dama koko, in shirya yara, in hau kabu-kabu in tafi aji cike maƙil da yara, in dawo in ɗora tukunya. Ban san wani abu wai shi gajiyar da barcin dare ɗaya ba ya gogewa ba.

Daminar 2016 ce ta raba ni da wannan matar. Ina cikin jego na uku zazzaɓin sauro ya kwantar da ni, mai tsanani, har aka ba ni gado. Ban gama miƙewa ba aka ce taifot ta biyo baya. Zazzaɓin ya tafi, ƴan dubiya suka daina zuwa, kowa ya ce Alhamdu lillahi ta warke. Ni kaɗai na san jikin da aka sallamo daga asibiti ba nawa ba ne.

Ban san yadda zan kwatanta ciwon ga wanda bai taɓa jin irinsa ba, amma ga abin da ya riƙa faruwa. Yau kafaɗa da wuya, gobe ƙugu da cinyoyi, jibi tafin ƙafa har in kasa taka ƙasa. Ciwo ne mai yawo, hagu da dama, sama da ƙasa, ba kumburi, ba ja, ba abin da za ka nuna da yatsa ka ce ga shi. Ɗaurin zane a ƙugu kan dame ni. In jaririn ya ɗora kansa a kafaɗata sai in ciji leɓe. Ga barci: in kwanta da wuri, in tashi da asuba jiki a daddaure, a gajiye fiye da yadda na kwanta. Sai kuma abin da ya fi tsorata ni, wato kaina. Ina tsaye gaban allo da alli a hannu, kalmar da na koyar shekara da shekaru ta ɓace mini fil. Yara su zuba mini ido, ni kuma in yi ta laluben ta.

An yi mini gwajin jini ba adadi. An ɗauki hoton ƙashi. Kowane sakamako sai ya fito da kyau, kuma kowane kyakkyawan sakamako ƙarin nauyi ne a kaina, don da shi ake kafa mini hujja a gida. «To, ai likita ma ya ce lafiyarki ƙalau.» Wasu suka ce sanyin ƙashi ne, wasu suka ce shawara, wasu iska, wasu suka rage murya suka ce hannu aka sa mini. Na sha rubutu, an yi mini ruƙiyya, an yi mini ƙaho har bayana ya cika da tabo, na sha saiwoyin da ban san sunansu ba. Ba na raina addu'a, ita ce ta riƙe ni. Amma kalmar da ta fi kowace allura zafi ita ce «son jiki». Daga bakin surukata na fara jin ta. Ba da mugunta ta faɗa ba, tsohuwa ce da ta haifi tara ba ta taɓa kwanciya da rana ba. Ta dube ni ina kwance a tabarma bayan azahar ta ce, «Ƴar nan, matan yanzu kun cika son jiki. Tashi ki ci goro, jikinki zai saki.»

Na kuwa tashi na ci. Kuma gaskiyarta, jikin ya saki na ɗan lokaci.

Daga nan rayuwata ta koma kan wani tsari da ban zauna na tsara ba. Da safe babban kofi na Nescafé da madara da sukari, cokali biyu, don in iya buɗe ido. Goro ɗaya a jaka, in riƙa ɓalla a tsakanin darussa. Lokacin hutun ƙarfe goma maigadin makaranta na dafa shayi a ƙaramar buta, irin mai kumfa, ana zagayawa da shi, ba na bari ya wuce ni, na farko da na biyu. Da rana in zafi ya yi yawa, lemon kwalba baƙi mai sanyi. Bayan la'asar wani kofin, don ga girkin dare ga gyaran littattafan yara. In ciwo ya matsa, in aika a sayo mini ƙwayar ciwon jiki wajen masu yawo da magani a tire, wadda ake ce wa mai ƙarfi. Da dare kuwa maigida da abokansa na fada a ƙofar gida, buta ba ta sauka daga kan gawayi, shi kuma don tausayi yakan aiko mini da nawa kason ciki.

A haka na yi shekaru ana yaba mini. Aka daina cewa son jiki, aka koma cewa ta samu sauƙi. Ni kuwa na san abin da ke faruwa bayan an kashe fitila. Zuciya na bugawa, ido a bushe, jiki na ciwo, ina jin kiran sallar farko ban runtsa na kirki ba. Da safe in ƙara cokali. Akwai ranakun da nake iya yin aikin mutum biyu, in wanke, in share, in je biki, in dawo ina jin kamar na warke. Sai bayan kwana ɗaya ko biyu in faɗi warwas, ko kofin ruwa ba na iya ɗagawa. Ban taɓa haɗa faɗuwar da aikin shekaranjiya ba, saboda ba nan take take zuwa ba.

A 2019 abin ya kai inda ba ya ɓoyuwa. Na fara kuka ba dalili, na fara tsoron shiga aji. Wata rana na tsaya a Kasuwar Dole na rasa abin da ya kawo ni, na kuma rasa ta wace ƙofa na shigo. Maigida ya ce ya isa haka, ya nemi rance, muka hau mota zuwa Yamai. Wanda ya san hanyar nan ya san abin da ake nufi da kusan kilomita 900 a zaune, Maradi, Ƙonni, Dogon Dutsi, Doso, ga mai ciwon da ko kujerar gida ba ta ƙyale shi. Na isa ana riƙe da ni.

Likitan gaɓoɓi da muka gani dattijo ne mai haƙuri. Shi ne mutum na farko da ya bar ni na yi magana har na gama. Ya sake sa aka duba jini, da maƙoƙo, da sukari, da alamun sanyin gaɓoɓi, ya ce sai ya kore waɗannan tukuna. Da sakamako ya fito, ya danna wurare a wuyana, kafaɗa, gwiwar hannu, ƙugu da gwiwa, ina zabura. Sannan ya ce, «Madam, ciwonki na gaske ne, kuma yana da suna. Fibromiyaljiya.» Ya bayyana mana cewa ba tsoka ko ƙashi ne suka lalace ba, jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ke ƙara wa saƙon ciwo ƙarfi, shi ya sa taɓawar da wani ba zai ji ba ni take yi mini zafi, shi ya sa kuma gwajin jini ba ya nuna komai. Ya ce kimanin mutum 2 zuwa 4 cikin 100 na da shi, kuma mata aka fi samu da shi. Faɗuwar da nake yi kwana ɗaya ko biyu bayan aiki kuwa, ya ce alama ce ta wani ciwon da ke yawan tafiya tare da shi, ciwon gajiya mai naci, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a sahun cututtukan jijiya tun 1969.

Na dubi maigida. Kansa na ƙasa. Bai taɓa ce mini son jiki ba, amma bai taɓa hana a faɗa ba. Da muka fito ya ce, «Maman yara, ki yafe mana.» Ban iya amsawa ba sai da muka kai masauki.

Amma kafin mu fito, likitan ya yi tambayar da ta sa nake wannan rubutu. Ya ce in lissafa masa duk abin da ke shiga bakina daga asuba zuwa kwanciya. Na lissafa abinci. Ya ce, «Abin sha fa?» Na ce kofi da shayi. Ya dubi haƙorana ya yi murmushi ya ce, «Goro fa, Madam?» Ya jawo takarda ya fara rubuta lambobi. Cokalin garin kofi, kafeyin wajen miligiram 60. Gwangwanin lemon baƙi, talatin da ƴan kai. Wasu ƙwayoyin ciwon jiki, miligiram 65 a kowace ɗaya, a rubuce a jikin kwalin, ban taɓa dubawa ba. Goro kuwa, wajen kashi 2 cikin 100 na busasshen nauyinsa kafeyin ne, wato bai gaza ƙwayar kofi ba. Shayin buta kuma ganye ake zubawa da yawa a tafasa shi ya daɗe. Ya ce masana sun sa wa lafiyayyen baligi iyakar miligiram 400 a yini, mai ciki 200. Lissafina ya wuce iyakar lafiyayyen, ni da ba lafiyayya ba.

Abin da ya ƙara da shi ne ya zauna mini. Ya ce kafeyin ba ya ba da ƙarfi ko kaɗan. Akwai wani sinadari, adenosin, da ke taruwa a ƙwaƙwalwa tun daga farkawa, shi ke sanar da mutum ya gaji. Kafeyin toshe wurin da wannan sinadari ke kamawa yake yi, sai saƙon ya kasa isa. Gajiyar tana nan, ba ka ji ne kawai. Ga mai lafiya wannan ba wani abu ba ne, zai rama barcinsa. Ga irina, wadda jikinta ke da ɗan ƙanƙanin ƙarfi na yini, jin gajiyar nan shi ne kaɗai abin da ke gaya mini in tsaya kafin in zarce. In na toshe shi, sai in yi aikin da ya fi ƙarfina, in biya jibi. Kayan aro ba ya rufe katara, haka ma ƙarfin aro.

Sannan ga lissafin lokaci. Jiki kan ɗauki wajen awa 5 kafin ya fitar da rabin kafeyin da aka sha. Kofin ƙarfe huɗu na yamma, rabinsa na nan a jini ƙarfe tara na dare, rubu'insa ƙarfe biyu. Mai ciki da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, nasu ya fi haka daɗewa. Daga baya na karanta wani bincike da aka yi a Amurka a 2013, inda miligiram 400 da aka sha awa 6 kafin kwanciya ya rage barci da fiye da awa ɗaya. Kuma tun a shekarun 1970 wasu masu bincike a Kanada suka nuna cewa in aka riƙa katse wa lafiyayyu barcinsu mai nauyi, sai su wayi gari da ciwon jiki mai kama da namu. To ka ga zagayen: ciwo ya hana barci, rashin barci ya kawo gajiya, gajiya ta kira kofi, kofi ya ƙara hana barci, rashin barci ya ƙara ciwo.

Ya rubuta mini ƙaramin awo na wani magani mai suna amitiriftilin da dare, ya ce in riƙa ɗan tattaki da miƙe jiki gwargwadon abin da ba zai kayar da ni ba, in raba aiki kashi-kashi da hutu a tsakani, in tsaya tun ina jin da saura. Kafeyin kuma ya ce kada in yanke lokaci ɗaya, in rage a hankali, in fara da na yamma.

Ko da a hankalin, na ji jiki. Ciwon kan da ke kama masu shayi a kwanakin farko na azumi, shi ne, sai dai nawa ya zo a kan wani ciwon. Yakan fara awa 12 zuwa 24 bayan an daina, ya yi tsanani a kwana na biyu, ya iya kai mako guda ko ya ɗan wuce. Kowane mataki na ragi da nasa ciwon kan. Na yi faɗa da yara ba laifinsu. Aiki ya taru, don ƙarfin da nake yin sa da shi ya tafi, kuma a karo na farko na ga ainihin abin da ya rage mini. Kaɗan ne ƙwarai. Wannan ganin ya fi ciwon kan ɗaci. Na yi kukan matar da ke jera jarkoki da tsakar dare, na san ba za ta dawo ba. Muka fara sayen ruwa wajen ƴan ga-ruwa, na nemi a ɗauke ni daga aji a mai da ni aikin takardu a ofishin makaranta, aka yarda bayan an sha zirga-zirga.

Sai da aka yi watanni na fara yin barcin da ake kira barci. Ba kullum ba. Amma akwai safiyar da na farka na tarar an yi sallah an gama ban ji ba, na kwanta ina mamaki.

Shokola ya shigo labarin ne ta hannun ƙanena da ke aiki a Abijan. Yana yawan karance-karance a waya, kuma ciwona ya tsaya masa a rai. Da ya zo hutu sai ga shi da faifan baƙin shokola, wanda ƴan'uwanmu na Kano ke ce wa cakulan, an rubuta 85% a jiki. Ya ce, «Yaya, na samo miki magani. Turawa sun gwada, yana warkar da gajiyar nan.» Na ɓalla na sa a baki, na kusa tofarwa. Wanda ya saba da na yara mai madara da zaƙi ba zai gane wannan ba, ɗaci ne da bauri. Amma wadda ta tashi a gidan goro ba ta tsoron bauri. Kafin ya narke na ji harshena ya san shi. Ashe ma dangi ne: itacen goro da na kakawo gida ɗaya suke a wajen masana tsirrai, kuma dukansu na ɗauke da kafeyin da wani ɗan'uwansa mai suna tiyoburomin.

Na ce ya nuna mini binciken. Yana nan da gaske. An yi shi a garin Hull na Ingila, aka buga a 2010. An ba masu ciwon gajiya mai naci giram 45 na shokola mai kakawo kashi 85 kullum har mako 8, sannan aka ba su wani mai kama da shi wanda ba shi da sinadaran kakawon, aka kwatanta. Da na gasken, gajiyarsu ta ragu. Da na bogin, ta dawo. Sai dai mutum 10 kacal aka gwada. Na ce masa, «Ƙanena, ajin da ya fi kowane ƙanƙanta a makarantarmu ya ninka wannan sau da yawa. Da sakamakon yara goma ba na yanke wa makaranta hukunci.» Kuma a kan masu gajiya mai naci aka yi shi, ba masu fibromiyaljiya ba. Ya ɗan ji haushi, don da zuciya ɗaya ya kawo. Na ce zan ci, amma ba da sunan magani ba.

Na kira likitana na tambaye shi. Ya ce ba laifi, in dai da safe ne kuma kaɗan, in kuma sa shi cikin lissafi. Giram 100 na irin wannan na da kafeyin wajen miligiram 80, don haka giram 20 da nake ci, wato gida biyu daga faifan, bai kai sulusin cokalin kofi ba. Tiyoburomin ɗinsa ya ninka kafeyin ɗin kusan sau goma, shi kuma aikinsa a ƙwaƙwalwa ya fi laushi, amma ya fi daɗewa a jiki, shi ya sa ba na cin sa bayan azahar. Yana da maganiziyam da sinadarin ƙarfe, da kuma wasu sinadarai masu suna filabanol, waɗanda ake zaton su ne suka yi aiki a binciken Hull. Yana kuma da mai sosai: giram 100 ya kusa kalori 600. Wanda ya bi awon binciken, kusan rabin faifai kullum, ga shi ba ya iya motsa jiki, ya san abin da zai biyo baya.

Me ya yi mini? Zan faɗi iya abin da na gani. Bai taɓa ciwon jikina ba, ko kaɗan. Ranar da ciwon ya tashi, ya tashi. Abin da na lura shi ne, wajen hantsi, lokacin da hazon nan ke rufe mini kai, in na ci gida biyu da ruwa sai kan ya ɗan washe, ba tare da bugun zuciya da rawar hannun da kofi ke sa ni ba. Kuma mafi muhimmanci a wurina, ba ya ruɗa ta. Kofi kan sa in ji zan iya wanke kayan gida duka. Shokola bai taɓa yi mini wannan ƙaryar ba. Ina ci ina jin gajiyata a inda take. Mai yiwuwa rabin amfanin ma daga zaman ne, don na mai da shi lokacin hutu: in rufe ƙofar ofis, in ɗora ƙafa a kan kujera, in bar shi ya narke a baki. Mai ciwon da aka hana shi kusan komai, in ya samu abu ɗaya mai daɗi da aka ce ya halatta, ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wata malama abokiyar aikina mai irin ciwona da na ɗanɗana wa. Ita ƙwannafi ya tayar mata, ta ce har ciwon ɓarin kai ya motsa. Ta bari. Jiki da jiki.

Sai kuma wahalar riƙe shi a Damagaram. Shokola na narkewa tun zafi bai kai na jikin mutum ba, mu kuwa a watan Afrilu da Mayu muna wuce digiri 40. In wuta ta ɗauke, firigo ya huce, sai ka tarar da shi ya zama kunu a cikin takarda. Na koma sa shi a gwangwani mai murfi in ajiye a gindin randa. Samunsa ma aiki ne, sai manyan kantuna, su ma ba kullum ba, kuma kuɗin faifai ɗaya ya isa cefanen yini a gida irin namu. Abin da ke ba ni mamaki, fiye da rabin kakawon duniya daga Kodebuwa da Gana yake fitowa, nan kusa da mu, amma yawancin faifan da ke iso mana sai ya je Turai ya dawo. Da aka rufe iyakoki a 2023 ya ɓace mini gaba ɗaya, a 2024 kuma farashin kakawo ya haura dala 10,000 kowane tan a kasuwar duniya, abin ya ƙara tsada. Tun lokacin na fi dogara da garin kakawo zalla marar sukari, wanda ƙanena ke aiko mini: cokali ɗaya a ruwan ɗumi da ɗan madara. Ba ya narkewa a ajiye, ya fi araha, kafeyin ɗinsa kaɗan ne. A kula, ba garin gwangwanin da ake haɗa wa yara shayi nake nufi ba, wannan yawancinsa sukari ne.

Azumi ma sai da na sake masa tsari. A da, da an sha ruwa sai shayi har bayan tarawi, sannan a yi mamakin rashin barci. Yanzu kakawona da sahur nake sha, bayan buɗa-baki kuwa sai kunu, zoɓo ko ruwan citta. Ranakun da jiki ya ƙi, na tambayi malamai, na karɓi sauƙin da Allah Ya yi wa marar lafiya a cikin Suratul Baƙara, in rama lokacin sanyi.

Abin da ya fi wuya har yau shi ne mutane. A garin nan ba a ƙin goro. Da shi ake gayyata, da shi ake ɗaura aure, da shi ake raɗa suna. In aka miƙo, hannu biyu nake sawa in karɓa in yi godiya, in ƙulle a bakin gyale, in na dawo in kai wa surukata. Ita kuwa har ta saba, da ta ji sallamata daga biki sai ta ce, «Ƴar nan, ina rabona?» Ba ta sake ce mini son jiki ba tun ranar da ɗanta ya zaunar da ita ya yi mata bayani, ko da yake na san a ranta tana ganin da na ci goron da na fi haka. Shayin fada kuma maigida ya daina aikowa. In ya tuna da ni sai ya aiko da balangu.

Ban warke ba, kada wani ya karanta wannan ya ɗauka haka. Wannan ciwo ba a san maganin da ke raba mutum da shi ba tukuna, lallaɓa shi ake yi. Lokacin hunturu, in iskar nan mai ƙura ta taso, akwai makon da nake yi a kwance. Amma ina zuwa aiki mafi yawan ranaku, ina tattaki bayan magariba daga ƙofar gida zuwa bakin titi in dawo, ina iya zama in duba wa ƴata darasinta ba tare da kalmomi sun gudu ba. Kofi ɗaya ƙarami nake sha a ranar da ta zama dole, kafin ƙarfe goma na safe, kuma ranar na san ba zan ƙara aiki don na ji ƙarfi ba.

Labari ya bazu a unguwa cewa Madam na da wani baƙin abu na Turawa mai maganin gajiya, mata suka fara sallama. Ba na hana su ɗanɗanawa, yawanci da sun ji ɗacin suke yamutsa fuska. Amma kafin nan sai na zaunar da mace na sa ta lissafa mini goronta, shayinta, kofinta da ƙwayoyin tire, da lokacin da take shan kowanne, sannan in ce ta je a duba mata jini da maƙoƙo da sukari kafin ta sa wa kanta sunan ciwona. Wata matashiya mai goyo da ta zo tana jan ƙafa, ta rantse irin nawa ne, da ta je aka tarar ƙarancin jini ne mai tsanani, ga shi tana bin kowane abinci da shayi mai kauri, wanda ke rage wa jiki tsotsar sinadarin ƙarfe. Aka ba ta maganin ƙarin jini, aka ce ta raba shayi da lokacin cin abinci. Kafin damina ta fita ta koma sana'arta ta tuyar ƙosai a bakin tasha.